Mota mai sulke da bam ɗin da ke binne a hanya: iya inda ƙarfe yake kare soja

Duk lokacin da hoton motar soja da ta taka bam ya zagaya wayoyin mutane a Marwa ko Mora, a arewacin Kamaru, tambayar da ake fara yi ɗaya ce: to ina amfanin sulken? Ga mota an ce kuɗinta miliyoyin sefa ne, ga ta nan yashe a gefen hanya, taya ta yi nata wuri, injin ya zazzago, gaba ya zama tarkace. Kafin a shanye shayi an yanke hukunci: ko dai ruɓaɓɓen kaya aka sayo wa sojoji, ko wani ya yi sama da faɗi da kuɗin. Ana iya samun hakan, ba a nan kaɗai ba. Sai dai hoton ba shi ne shaidar ba. Motar da aka ƙera musamman saboda nakiya, da gangan aka yi ta yadda taya da ƙarfen da ke riƙe da ita za su ɓalle su tafi da wani kaso na ƙarfin fashewar. Inda ya kamata ido ya je shi ne akwatin da mutane ke zama a ciki: ya tsage ko bai tsage ba? Idan bai tsage ba, kuma mutanen ciki sun fito ko da da ɗingishi ne, motar ta biya kuɗinta.

Akwai sulken harsashi, akwai sulken nakiya, kuma kowanne da aikinsa. Na harsashi yana gefe da gaba da gilashi, don ya hana ɗan ƙaramin ƙarfe mai gudu huda jikin mota. Bam ɗin da aka binne kuwa ta ƙasa yake zuwa, inda yawancin motoci suka fi rauni, kuma ba huda kaɗai yake yi ba, motar gaba ɗaya yake duka. Faransa ta ga wannan a Mali da ƙaramar motarta mai sulke da ake kira VBL. Ranar 28 ga Disambar 2020 sojojinta uku suka mutu a cikin irinta kusa da Hombori, bayan kwana biyar wasu biyu suka mutu a yankin Menaka, duka bam ne a hanya. Motar ba jabu ba ce. An ƙera ta don sintiri da leƙen abokin gaba, mara nauyi, mai sauri, gajera don kada a hango ta daga nesa, kuma wannan gajartar ce ke kusantar da mutanen ciki ga abin da ke binne. Amurka ta sha irin haka da motar sojanta Humvee a Iraƙi. Aka yi ta lafta mata ƙarfe a gefe da ƙofofi har nauyi ya yi mata yawa, amma cikinta yana nan a shimfiɗe kuma dab da ƙasa. Birtaniya ma ta sha da Land Rover ɗinta mai suna Snatch, wadda sojoji 37 suka mutu a cikinta a Iraƙi da Afganistan, har kwamitin da ya binciki yaƙin Iraƙi ya soki ma'aikatar tsaron ƙasar a 2016 kan jinkirin sauya ta.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota yana ƙarewa kafin mutum ya ƙifta ido. Girgizar fashewar ce ke fara isa, ta bugi ƙasan motar, daɓen ƙarfe ya lanƙwashe ya turo sama da gudun da ƙashin ɗan Adam ba ya iya ɗauka. Ƙafar da ke take da daɓen a wannan lokacin, dunduniya da idon sawu da ƙwauri duk sun tafi. Sai iska mai zafi ta biyo baya ɗauke da ƙasa da tsakuwar da ta tono, ita ce ke ɗaga motar. Mutane kan ɗauka wuta ce ke kisa, alhali ƙasar da aka binne bam ɗin a ciki tana cikin abin da ya fi ɓarna, domin da ita fashewar ke jifan motar. Shi ya sa bam iri ɗaya, nauyi ɗaya, ya fi duka a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai danƙo fiye da busasshen rairayi. Wanda ya san baƙar lakar Waza da bakin Logone a watan Agusta ya san abin da wannan ke nufi a wajenmu. Daga nan mota ta yi sama ta dawo, wani lokaci a kan gefe ko a kife, kuma wannan faɗuwar ita ma tana da nata rabon na karaya.

Dabarar da aka samo ba daga Amurka ko Turai ta fito ba. Daga kudancin Afirka ta fito, kuma daga yaƙe-yaƙen da ba abin alfahari ba ne: na gwamnatin turawa tsiraru a Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, da na gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu a Namibiya da Angola, a shekarun 1970. Masu fafutukar 'yanci suna binne nakiyoyin Tarayyar Sobiyet a hanyoyin burji, injiniyoyin ɗaya ɓangaren kuma suka gane cewa kowane taƙi da aka ƙara tsakanin ƙasa da daɓen mota yana rage dukan ƙwarai. Sai suka ɗaga motar sama. Suka kuma yi cikinta da tsini, kamar jinkar ɗaki da aka juya kanta ƙasa, yadda fashewar za ta zame ta gefe biyu maimakon ta sami shimfiɗaɗɗen wurin duka. Tayoyi suka koma waje da akwatin, tankin mai ya nisanci inda mutane suke. Mota mai suna Buffel ta fito a 1978, wata mai suna Casspir ta biyo ta ba da jimawa ba. An ƙera Casspir don ta ɗauki fashewar kilo 21 na sinadarin fashewa TNT a ƙarƙashin taya, ko kilo 14 a ƙarƙashin ciki. Ita ce dai motar da 'yan sandan wariya suka riƙa kutsawa unguwannin baƙar fata da ita, daga baya kuma ta zama motar masu kwance nakiya da sojojin kiyaye zaman lafiya. Kusan duk motar nakiya ta yau, wato motar da aka ƙera don jure nakiya, jikanyarta ce.

Amurka ba ta rungumi wannan tsari da gaske ba sai a 2007, lokacin da sakataren tsaro Robert Gates ya sa shirin motocin MRAP, wato masu jure nakiya da kwanton ɓauna, a gaban komai. An ƙera wajen 27,000, an kashe sama da dala biliyan 40. Cewa sojan da ke cikin MRAP ya fi wanda ke cikin Humvee damar tsira idan an taka bam, wannan ba a cika musu a kai ba. Inda aka yi musu shi ne yawan rayukan da aka ceta. Masu kula da shirin sun taɓa ambaton 40,000, sai wasu masana tattalin arziki biyu, Chris Rohlfs da Ryan Sullivan, suka fito a 2012 suka ce lissafin bai tsaya ba, kuma bambancin da ke tsakanin MRAP da mota mai matsakaicin sulke bai kai bambancin kuɗinsu ba. A ganina wannan musun masu hali ne. A wajenmu zaɓin ba tsakanin sulke mai kyau da wanda ya fi shi kyau yake ba. Sau da yawa tsakanin sulke ne da bayan Land Cruiser a buɗe, mutum goma suna zaune kan buhunan abinci da akwatunan harsashi, kuma a nan bambancin na rai da mutuwa ne.

To amma zuwa ina kariyar take kaiwa? Masu ƙera motoci suna da ma'auni, wanda ya fi shahara shi ne na ƙungiyar NATO mai lamba 4569. Mataki na 2 yana nufin an gwada motar da nakiya mai kilo 6 na abin fashewa, na 3 kilo 8, na 4 kilo 10. Kowane mataki kuma ya kasu biyu: ko fashewar ta auku ƙarƙashin taya, ko ƙarƙashin tsakiyar mota, wanda shi ne mai wuyar. Mai talla kan faɗi na taya da babbar murya ya yi shiru a kan na tsakiya, don haka mai saye sai ya tambaya. Abin lura shi ne waɗannan lambobin an gina su ne a kan nakiyar masana'anta, irin TM-62 ta Sobiyet mai kimanin kilo 7 da rabi. Bam ɗin da ake haɗawa a daji ba shi da ma'auni. Mai haɗa shi yana kallo, idan ya ga an fito daga motar da rai, gobe sai ya ƙara. Ƙara wa mota sulke aikin shekaru ne da kwangila da jirgin ruwa, ƙara wa bam nauyi aikin dare ɗaya ne. A Iraƙi an binne waɗanda suka tarwatsa tankar yaƙi ta Abrams mai nauyin sama da tan 60, an kuma yi amfani da wani iri da ke harbo dunƙulen jan ƙarfe ta gefe, wanda tsinin ciki ba ruwansa da shi. Babu motar da za a nuna a ce wannan kam ta fi ƙarfin bam. Abin da za a iya cewa shi ne ta fi ƙarfin bam mai nauyi kaza, idan ya tashi a wuri kaza.

Ko da akwatin bai tsage ba, sauran aikin yana ciki, kuma a nan ne halin mutum ke shigowa. Duba kujerar motar nakiya ta gaskiya. Ba a ɗaure take da daɓe ba, a rataye take a jikin bango ko rufi, da wani ƙarfe a bayanta da ke bari ta ɗan zame ƙasa ta shanye dukan kafin ya kai ga ƙashin baya. A gabanta akwai matakin ɗora ƙafa, a ɗage, don kada takalmi ya taɓa daɓe. Bel ɗinta igiya huɗu ko biyar ne, ta kafaɗu da ƙugu. Duk an yi su ne da zaton cewa sojan zai zauna yadda aka tsara.

Yanzu kawo wannan motar Kolofata a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, na'urar sanyaya ciki ta lalace tun bara. Za a buɗe murfin sama. Wani zai hau kan rufi. Bel kuwa da yawa ba sa so, kuma suna da hujja: bam a hanya sau da yawa buɗe taro ne kawai, bayansa harbin kwanton ɓauna ke biyowa, kowa yana so ya iya dirowa cikin daƙiƙa. Motar mutum goma ta ɗauki goma sha biyar, biyar na zaune a daɓe. Akwatin harsashi da jarkar ruwa da tukunyar gas suna ajiye ba ɗauri, kuma a lokacin fashewa kowanne zai tashi da gudun da zai fasa kai. Mai riƙe da babbar bindiga rabin jikinsa a waje yake, shi ake yawan rasawa idan mota ta kife. Ban ga laifin sojan da ke neman iska ba. Amma kariyar da aka rubuta a takarda an auna ta ne da mutum-mutumin gwaji da ke ɗaure tsaf a kujerarsa.

Akwai kuma raunin da hoto ba ya ɗauka: dodon kunne da ya fashe, tsagewar ƙashin baya, da girgizar ƙwaƙwalwa da ke barin mutum da ciwon kai da mantuwa da saurin fushi shekara da shekaru. Irin wannan sojan a lissafi yana cikin waɗanda suka fita lafiya.

Nauyi shi ne farashin da ake biya. Motar nakiya kan kai tan 14 zuwa 20, ga tsawo, don haka kifewa ba ta yi mata wuya, kuma ba kowace gada ko kwalbati ke ɗaukarta ba. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, kimanin kilomita 200, ita ce jijiyar da ta haɗa lardin Arewa Mai Nisa da Njamena, kuma aikin gyaranta ya tsaya cik bayan da Boko Haram ta sace ma'aikata 10 'yan ƙasar Sin a Waza a watan Mayun 2014. Wannan ba maganar ciniki ce kaɗai ba. Kwalta mai kyau ita kanta kariya ce, domin ba a haƙa ta ba tare da an bar tabo ba. Ramuka da wuraren da ake sauka daga kwalta a bi gefe su ne abin tsoro. Da damina kuwa, idan rafuka suka kawo ruwa laka ta kwanta, babbar mota ba ta da zaɓi sai turba ɗaya da mashigi ɗaya, kuma kowa a yankin ya san su. A duwatsun Mandara, wajen Kerawa da Mayo-Tsanaga, ko da rani haka abin yake. A wannan yankin ne Laftanar Kanar Beltus Kwene na BIR, rundunar kai ɗaukin gaggawa ta Kamaru, ya rasa ransa a Fabrairun 2016 bayan motarsa ta taka nakiya. Nauyin da ke kare mutum a lokacin fashewa shi ne kuma ke sa a san inda zai bi.

Chadi ta daɗe da nata ra'ayin a kan wannan. A 1987, a Fada da Wadi Dum, mayaƙan kwamandan sojojin Chadi Hassan Djamous a cikin a-kori-kura na Toyota ɗauke da makaman MILAN masu fasa tanka sun karya rundunar Libiya mai tankoki. Har yau ana ba da labarin cewa sukan keta filin nakiya da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa su wuce kafin ta tashi. Labari ne mai daɗi, amma ba zan so ɗana ya gwada ba, kuma nakiyoyin wancan yaƙin har yanzu suna kwance a Borku da Ennedi da Tibesti. Abin da ya kare waɗancan motocin a gaskiya shi ne hamada a buɗe take, babu wanda ya san ta inda za su ɓullo. Da aka kai sojojin Chadi arewacin Mali ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, aikin ya sauya: sintiri da rakiyar ayarin kaya a hanyoyin Kidal da Agelhok da Tesalit, hanya ɗaya, mako bayan mako. A watan Satumbar 2014 kaɗai sojojin Chadi 10 suka mutu a can, akasari ta hanyar nakiya. A-kori-kura idan aka ɗaure ta a hanya guda ta rasa abu ɗayan da ke kare ta. A tsibiran Tafkin Chadi kuwa daga ita har mai sulken duk a bakin ruwa suke tsayawa.

Sai maganar gareji, wadda ba a cika yi ba don ba ta da armashi. Kamaru ta samo motocinta daga wurare daban-daban: Ratel daga Afirka ta Kudu, Bastion ƙirar Faransa, wasu daga Sin. Kowacce da nata kayan gyara da nata makaniki. A Janairun 2016 Amurka ta ba Najeriya MRAP 24 daga cikin rarar da ta rage mata, kuma irin wannan kyautar ba ta zuwa da shagon safaya. Taya ɗaya ta irin waɗannan motoci ba a samunta a kasuwar Marwa. Idan ta kafe ko bam ya cire mata ƙafa, sai janwe mai ƙarfinta, in babu sai a tsare ta kwana da kwanaki ko a ƙone ta don kada ta faɗa hannun abokin gaba. Motar da ke kan duwatsu a bariki tana jiran kaya daga ƙetare, mutanenta a Land Cruiser suka fita yau. Wasu kan kai a-kori-kura wurin mai walda a liƙa mata faranti. Yana iya tare harsashi, amma shimfiɗaɗɗen ƙarfe a ƙasan ƙaramar mota ba ya mayar da ita motar nakiya, sai dai ya karya mata sifirin ya rage mata gudu.

Mafi yawan bama-baman da ba su kashe kowa ba, ba sulke ne ya hana su ba, gano su aka yi. Soja ne a ƙasa da na'urar gano nakiya a hannu, yana tafiya taku-taku a gaban ayari, yana duba inda launin ƙasa ya sauya ko inda aka share sawu da reshe. Na'urar toshe sigina tana aiki a kan wanda ake tayarwa da waya ko rediyo, amma ba ruwanta da wanda nauyin taya ke tayarwa. Sama da duka akwai mutanen gari: manomin da ya ga sawun babur da asuba, makiyayin da shanunsa suka kauce wa wani wuri, da 'yan sa-kai na kwamitocin sa ido a Mayo-Sava, waɗanda da yawansu suka biya da rayukansu. Mutumin da zai zo ya ce, "Yallaɓai, kada ku bi ta kwalbatin nan yau," sai ya tabbata cewa maganar ba za ta koma kunnen masu binne bam ɗin ba, kuma shi kansa ba za a tsare shi a ce ta yaya ya sani ba. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, mai hedikwata a Njamena da sashe na ɗaya a Mora, za ta iya samun motoci daga masu ba da tallafi. Wannan yardar kuwa a ƙauye ake gina ta, kuma bulala ɗaya a shingen bincike tana rushe ta.

Bayan fashewa ma da saura. Abin da sulke ke yi sau da yawa shi ne ya mayar da wanda da ya mutu nan take ya zama mai mummunan rauni, shi kuma mai rauni agogo ne ke bin sa. A Afganistan, Gates ya ba da umarni a 2009 cewa a kai duk sojan da ya ji mummunan rauni gaban likitan tiyata cikin awa ɗaya, aka kuma zuba jirage masu saukar ungulu don hakan. Alƙaluman tsira da ake jinginawa ga MRAP, da wannan tsarin a cikinsu. Wanda ya taka bam tsakanin Fotokol da Dabanga da damina, idan babu jirgi, hanyar da ta ci shi ita zai sake bi zuwa asibiti. Igiyar ɗaure jijiya a aljihun kowane soja, da sanin yadda ake ɗaura ta, ba ta kai kuɗin madubin mota mai sulke ba.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin akwatin ko kaɗan. Bam ɗin da nauyin taya ke tayarwa bai san kaki ba, kuma idan an ƙara masa ƙarfi saboda mota mai tan 15, da wannan ƙarfin zai tashi a ƙarƙashin motar kasuwa ko amalanken shanu. A Afrilun 2025, a tsallaken iyaka, kan hanyar Rann zuwa Gamboru, aƙalla mutum 26 suka mutu a irin haka, matafiya ne da 'yan kasuwa. Direbobin haya a wannan gefen suna da nasu lissafin, kuma ba su daidaita ba. Wasu sun fi son su jira rakiya, su biyo bayan ayari suna ɗora taya a sawun tayar soja. Wasu sun ce ko kusa, ai ayarin ake hako, gara mutum ya bari su yi nisa. Ranar kasuwa dai ba ta jiran kowa, kuma masu kifi da albasa da asuba suke tashi, sau da yawa tun kafin masu na'ura su fito daga bariki.